Jakar da Zdenka Ta Saƙa da Zaren Juma'a

Shekara talatin da biyar muka yi ni da Zdenka Matulic a kan inji ɗaya, ita a kai, ni a wutsiya, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa yin abu na duba na ga na fi ta ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya zaci yabon ƙawa na zauna yi. Ƙawaye ne mu, ba ƙarya. Amma ni Glenys Hocking na yi ƙyashin matar nan tun watan da na san ta, kuma har yau ban warke ba.

Tana da shekara tara iyayenta suka taho da ita daga Croatia, suka zauna a arewacin garinmu Geelong, can wajen masana'antu. Ubanta yana aiki inda ake haɗa motoci, uwarta tana wankin ulu. Zdenka ba ta yi nisa a makaranta ba. A 1979 ta shigo masana'antar zaren roba, mako biyu bayan na fara. Ni na nuna mata inda ake rataye riga, ni na nuna mata kantin abinci, ni na gaya mata wane shugaban aiki ne ba a yi masa wasa. Kafin wata uku ita ce take nuna mini yadda ake ƙulla zare in ya tsinke ba tare da an tsayar da inji ba. Muna kiranta Zed, don babu mai haƙurin kiran sunan gaba ɗaya cikin ƙarar injuna.

Gajeriya ce, ga kauri, ga baƙar magana. Ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma iya ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaryar nan ta zaman tare. In ka yi sabon aski ka tambaye ta, za ta ce maka wancan ya fi. Tumatirin lambunta yana riga nawa nuna da mako uku kowace shekara, alhali iri ɗaya muke shukawa, ita ma take ba ni irin. Mijinta Ante ya gina mata rumfar inabi da hannunsa, nawa mijin kuwa in ƙwallo ta fara ko gobara ba ta tayar da shi daga kujera. Ranar Litinin takan kawo naɗin kabeji da nama a kwano, ta turo mini rabi tana cewa, "Ci, ke da kike rayuwa a kan biredi da cuku kamar ɓera." Ina ci, yana da daɗi, raina yana ɓaci.

Aikinmu bai da wuyar bayani. Ana narkar da ƙwayoyin roba, a matso su ta ƙananan huji su fito kamar taliya, su bi ta cikin kwamin ruwa biyu su huce, a ja su su miƙe, a naɗe. Da zaren ake saƙa ragar da masu gonakin inabi da ceri suke rufe itatuwansu saboda tsuntsaye. Ciwon kan kowa a sana'ar shi ne rana. Raga in ta sha rana shekara uku sai ta bushe, ka taɓa ta karye a hannunka.

Muna da wata al'ada da ta girme mu duka. Duk guntayen zaren da suka rage a ƙarshen naɗi, da na gwaji da ba a karɓa ba, ana zubawa a wani babban kwando kusa da ƙofa. Ranar Juma'a in an tashi, kowa ya ɗebi abin da yake so. Maza suna ɗaure tumatir da shi ko su gyara komar kifi, mu mata mu yi saƙa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan fitar da kayan kamfani. Shugabannin ma suna ɗiba. A wajenmu abin da ya shiga kwandon Juma'a ya daina zama zare, ya zama shara mai amfani.

Cikin sanyin 2011 abin sanyaya kwami na biyu ya lalace, makaniki kuma ya yi ta cewa gobe. Ni na fara lura. Na tsoma hannu na ce, "Zed, ruwan nan fa ya yi ɗumi." Ni niyyata in tsayar da inji ne in je in sha shayi. Ita kuwa ta kama zaren da yake fitowa, ta murza shi a yatsa, ta kai shi leɓe kamar mai ɗanɗana miya, ta ce kada in taɓa komai. Ta yi makonni tana wasa da zafin ruwan da saurin ja, tana rubutawa a bayan kwalin shayi. Zaren da ya fito daga ƙarshe kore ne shar, mai ɓawo mai tauri a waje da laushi a ciki. Ta kai wa injiniyanmu, Dakta Howlett. Ya ce zai sa a ɗakin gwaje-gwaje a ƙarƙashin fitilar da take kwaikwayon rana, amma sai an yi haƙuri, abin zai ɗauki fiye da shekara. Guntayen gwajin kuwa, kamar kullum, suka tafi kwando.

Mu biyu muka ɗebi koren zaren nan. A watan Oktoba akwai bikin baje koli da ake yi a wani ƙauye kusa da mu, inda ake gasar tumaki da kek da aikin hannu, kuma a shekarar an sa gasar jakar cefane ta kwarashi. Na yi wata guda a kan tawa, har yatsuna suka yi kanta. Zdenka ta yi tata a kwana tara. Da aka buɗe rumfa na ga jan kati na ɗaya a jikin tata, shuɗi na biyu a jikin tawa. Matar da ta yi alƙalanci ta ɗaga jakar tana nuna wa mutane gindinta, wani zagaye mai ninki biyu da ba a ganin inda aka fara da inda aka gama.

"Kada ki damu," in ji Zdenka. "Taki ma za ta ɗauki albasa biyu kafin ta yage."

Da yamma ake sayar da kayan gasa don taimakon 'yan kwana-kwana na sa kai. Na jira ta tafi kallon kaji, na je na sayi jakarta dala goma sha biyu, da katin a maƙale, matar tebur ta rubuta mini rasit. Ba don ina son jakar ba. So nake in warware gindin nan in ga sirrinsa, baɗi in kunyata ta. Na zauna da shi kwana uku, na zare layi biyu, na rikice, na kasa ci gaba, na kasa mayarwa. Don haushi na cusa jakar da katin da rasit a gwangwanin biskit, na jefa kan kwaba. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan wata goma sha huɗu, a Disambar 2012, gwajin Dakta Howlett ya nuna zaren zai yi shekara goma a rana bai karye ba. Kamfani ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira, wato gwamnati ta shaida cewa abin sabo ne, kada kowa ya yi irinsa sai da izini. Mutumin kirki ne Howlett, ya sa sunan Zdenka tare da nasa a matsayin waɗanda suka ƙirƙiro. Ita kuma ta kafe sai an haɗa da sunan gidan ubanta, Lovric, ta yi ta zuwa ofis har aka gaji aka rubuta Zdenka Lovric Matulic. Ba wani abin duniya ta samu ba. An ba ta farar riga irin ta masu gwaji, jaridar gari ta buga hotonta. Da ofishin rajista na Canberra ya buga takardar, ta sa shafin farko a gilashi ta rataye a falo, tsakanin hoton Maryamu da na aurenta.

Ranar da ta nuna mini, idonta ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Babana ya yi shekara talatin a ƙasar nan ana kiransa Joe don sun ƙi koyon sunansa. Ga shi nan yanzu a takardar gwamnati, harafi bai ɓace ba."

Ya kamata in rungume ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni fa na ce miki ruwan ya yi ɗumi."

"Ke dai Glenys! Ai ko kyanwa ce ta tsoma ƙafa za ta faɗi haka."

Na yi dariya tare da ita, na koma gida na kasa cin abinci.

Kafin a buga hatimin ƙarshe, doka ta ba kowa damar ya ƙalubalanci takarda, kuma wani kamfanin raga na Sydney ya yi hakan. Hujjarsu ita ce zaren ba sabo ba ne. Ƙa'idar a sarari take: in abu ya riga ya shiga hannun jama'a fiye da wata goma sha biyu kafin a shigar da takarda, shi ke nan, ba a ba da haƙƙi a kansa. Sun ji ƙishin-ƙishin ɗin kwandon Juma'a, suka kawo tsofaffin ma'aikata biyu da suka ce suna jin sun taɓa ɗaukar koren zare. Wace shekara? Ba su tuna ba. Ina zaren? Ya tafi da tumatir. Lauyoyin kamfaninmu suka tambayi Zdenka ko zaren gwaji ya taɓa fita daga masana'anta, ta rantse a rubuce cewa bai fita ba. Kuma ba ƙarya ta yi niyya ba. Ko ni aka tambaya a lokacin haka zan ce, don guntaye ba zare ba ne a kanmu. Jami'in da ya saurari ƙarar ya ce zance babu kwanan wata ba hujja ba ne, ya ba kamfaninmu gaskiya.

A lokacin na riga na yi ritaya. Zdenka ta yi walima a ƙarƙashin rumfar inabinta wata Lahadi da rana, Ante yana gasa rago. Ta miƙe da kofi a hannu ta yi godiya. Ta gode wa Howlett. Ta gode wa Ante. Ta gode wa marigayi babanta. Har makanikin da ya ƙi gyara kwami ta gode masa, mutane suka fashe da dariya. Ina zaune a gabanta da faranti a cinya, ni da na yanka mata salak ɗin walimar tun safe. Na jira. Ta zauna. Na ajiye farantin, naman nan ko yanka ɗaya ban ci ba.

'Yan Sydney suka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Tarayya a Melbourne, inda ake iya kawo sabuwar hujja. Lauyansu, wani dogo mai sanyin murya, Mista Tranter, ya bi gidajen tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ya zo nawa wata Talata da hantsi, na dafa masa shayi.

"Misis Hocking, na san an daɗe," ya ce. "Ko kina da wani abu da aka yi da koren zaren nan? Ko igiyar shanya ce."

"In da akwai fa?"

"Sai in an san ranar da aka yi shi. In babu rana, ba shi da amfani a gare ni."

Da na ce babu, da ya shanye shayinsa ya tafi. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba, na sani sarai. Na hau kujera na sauko da gwangwanin. Da ya ga jan katin da sunanta da kwanan wata, ga rasit, sai ya ajiye kofi a hankali. Ya ƙirga watanni da yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce kada in ƙara taɓawa, ya je motarsa ya ɗauko safar hannu. Na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙafa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin ya kai har washegari.

Ranar shari'a jirgin ƙasa ɗaya muka shiga ni da Zdenka daga Geelong, tarago daban. Wata masaniya ta riga ta yanki ɗan zare daga hannun jakar, ta nuna hotonsa an ƙara masa girma: ga ɓawon, ga cikin, daidai da abin da takarda ta bayyana. Hanya ɗaya ta rage wa kamfaninmu, su nuna cewa wannan ba ita ce jakar gasar ba. Lauyarsu ta taso mini.

"Misis Hocking, kin iya kwarashi, ko ba haka ba?"

"Na iya."

"Kuma kin ci gaba da ɗaukar zare daga kwandon nan har kika yi ritaya. To ni ina ce miki ke kika saƙa jakar nan daga baya, kika maƙala mata tsohon kati, saboda kina jin haushin ƙawarki."

Na ce a'a, amma Allah ya sani na ɗan yi jinkiri. A karo na farko a rayuwata ga mutum mai ilimi, a gaban alƙali, yana cewa zan iya abin da Zdenka ta yi. Sai da na ji kamar in gode mata.

Da rana aka kira Zdenka. Ta sa kwat ɗin da take zuwa coci da shi. Kowa a ɗakin ya san inda maganar ta tsaya. In ta ce shekara bakwai sun wuce, ba za ta iya tantancewa ba, babu mai kama ta, kuma takardarta tana iya tsira. Mista Tranter ya sa aka miƙa mata jakar.

"Misis Matulic, an ce mai yiwuwa Misis Hocking ce ta saƙa wannan. Me kika gani?"

Ba ta kalle shi ba. Ta juya jakar ta duba gindin, ta bi zagayen da babban yatsa, ta tsaya inda na zare layi biyu. Ta daɗe a nan. Ina ganin Ante a benci ya sunkuyar da kai, Howlett ya rufe ido.

"Glenys?" ta ce. "Ranka ya daɗe, Glenys ko shekara ɗari za ta yi ba za ta iya gindin nan ba. Ni na saƙa. Ga ma inda ta so ta warware ta kasa."

Aka yi dariya, har alƙali ya rufe baki da hannu. Ita ba ta yi ba.

"Da wane zare?"

"Da na gwaji. Daga kwando."

"Amma kin rantse bai taɓa fita ba."

"Guntaye ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ban san guntaye ma zare ba ne a wajenku."

Bayan wata biyar hukunci ya fito. An sayar da zaren ga jama'a wata goma sha huɗu kafin a shigar da takarda, duk mai so yana iya yanka shi ya ga yadda yake, saboda haka ba za a ba da haƙƙin ba. Wata biyu kacal suka kashe ta. Na sa jikata ta buga mini hukuncin, na zauna da biro. Alƙali ya kira Zdenka shaida mai gaskiya da ta faɗi abin da zai cuce ta. Sunanta ya fito sau arba'in da shida, ko'ina Misis Matulic, ko sau ɗaya babu Lovric. Nawa ya fito sau uku, daga nan sai "mai sayen jakar". Ko a takardar da na rushe ta da ita, ni ce ta biyu.

Da kotu ta dawo mini da jakar, na ɗauka na tafi gidanta. Ante ya buɗe ƙofa, bai amsa gaisuwata ba, ya koma lambu. A falo, tsakanin Maryamu da hoton aure, sai ƙusa da wani fili mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran bangon haske. Zdenka tana kicin tana naɗa kabeji. Na ajiye jakar a tebur na ce tata ce.

"Taki ce, kin saya," ta ce. Ba ta ɗago ba. "Abu ɗaya nake so in ji. Me na yi miki?"

"Ba ki ambace ni ba. Ranar walima. Har makaniki kin ambata."

Ta ajiye ganyen da ke hannunta, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Saboda wannan? Ke da kike cin rabin abincina shekara talatin da biyar, ke ma sai na yi miki godiya a gaban baƙi? Ina ce ke 'yar gida ce." Ta goge hannu da tawul. "Da kin zo kin ce in nuna miki gindin nan, Glenys, da minti goma ya ishe mu."

Ta shiga ɗaki ta fito da takardar cikin gilashinta, ta ɗora mini a hannu, ta ɗora jakar a kai.

"Tafi da wannan ma. Ni na gane ban iya ajiya ba, ke ce kika iya."

Ta raka ni har ƙofa, ta rufe a hankali.

Shekara biyar ke nan. Layi uku ne tsakanin gidajenmu. Muna haɗuwa a kanti, ta gyaɗa mini kai kamar yadda ake yi wa mai kawo wasiƙa. Irin tumatir ya daina zuwa. Ragar koren zaren nan yanzu kowane kamfani yana yin ta, in ka bi hanyar gonakin inabi za ka gan ta ko'ina, kuma babu wanda ya san sunan wa ya kamata ya tuna. Takardar tana kan kwabata, fuskarta a kife, don ba na iya kallon Lovric ɗin nan. Jakar kuwa nakan sauko da ita wani lokaci, in sa tabarau, in bi zagayen da yatsa kamar yadda ta yi a kotu. Har yau ban gano inda ta fara ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.